TIJJANIN HOLAN: YADDA SUNAN ƊAN KADUNA YA ƘETARE TEKU

Mai karatu, idan kana cikin masu zama a bencin gidan kallon ƙwallo, a Kankia kake ko a Kusada, na tabbata kunnenka ya taɓa jin mai sharhi ya ambaci Tijjani Reijnders, ɗan wasan tsakiyar nan na ƙasar Holan wanda ya yi tashe a AC Milan kafin Manchester City ta saye shi a shekarar 2025. Sunan mahaifinsa dai babu jayayya na Turawa ne, a bakin masu shi ma "Rainders" suke faɗa. To amma Tijjani fa? Har da "j" guda biyu, kamar yadda malam yake rubuta shi a rajistar firamare. Shi ya sa musu ba ya ƙarewa a majalisa, wani ya ce uwarsa Bahaushiya ce, wani ya rantse ubansa ɗan Nijeriya ne da ya tafi ci-rani. Duk babu ko ɗaya. Yaron bai haɗa jini da mu ba. Aron sunan aka yi, kuma a wurin wani ɗan Kaduna aka aro shi. Yadda aka yi wannan aro, da irin tsanin da yaron ya taka har ya kai inda ya kai, su ne nake son mu bi a tsanake, domin akwai abin da ya shafi yaranmu a ciki.

Bari mu fara da sunan kansa. Asalinsa na Shehu Ahmadu Tijjani ne, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Ɗariƙarsa ta shigo ƙasar Hausa tun zamanin da Alhaji Umarul Futi ya zauna a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a shekarun 1830, daga baya ta bunƙasa a Kano, musamman bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Sannu a hankali sai Tijjani ya zama abokin tafiyar sunan Ahmadu, kamar yadda Abubakar yake tafiya da Sadiƙu, Umaru da Faruƙu, har ta kai gidajen da babu ruwansu da ɗariƙa ma suna raɗa shi. Ka ga ke nan sunan ya riga ya ƙetare Sahara ya iso gare mu. Saura teku, ita kuwa ƙwallon ƙafa ce ta ƙetarar da shi.

A shekarar 1989 Nijeriya ta ɗauko wani Bature ɗan Holan mai suna Clemens Westerhof ta damƙa masa ƙungiyar ƙwallon ƙasa. Mutum ne mai kaifin baki da taurin kai, amma ya san aikinsa. A wasansa na farko a gasar kofin Afirka ta 1990 Aljeriya ta yi wa yaransa ci 5 da 1, duk da haka suka lallaɓa har wasan ƙarshe, inda Aljeriyar ta sake doke su da ci 1 da nema. A 1992 suka zo na uku, a 1994 suka ɗauko kofin a Tunisiya bayan sun ci Zambiya 2 da 1, kuma a wannan shekarar ce Nijeriya ta fara zuwa gasar kofin duniya a Amurka. Mataimakinsa shi ma ɗan Holan ne, Jo Bonfrere, wanda shi kansa tsohon ɗan wasan tsakiya ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kulob guda, MVV ta birnin Maastricht. Shi ne ya ja yaranmu suka ciyo zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, inda suka kayar da Birazil 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe, suka kayar da Ajantina 3 da 2 a na ƙarshe.

A cikin waɗannan shekaru idon kulob-kulob na Holan ya karkato Nijeriya. A 1993 Ajax ta birnin Amsterdam ta ɗauki Finidi George da Nwankwo Kanu, kuma da su ta ci kofin zakarun Turai a 1995 bayan ta doke AC Milan 1 da nema. Amma tun kafin waɗannan biyu su sauka a Amsterdam, akwai ɗan Arewan da ya riga su shiga ƙasar ba tare da an buga masa ganga ba.

Tijjani Babangida an haife shi a Kaduna ranar 25 ga Satumba, 1973. Ya buga wa Niger Tornadoes ta Minna, kuma a 1991, yana ɗan shekara 17 zuwa 18, kulob ɗin Roda JC ya ɗauke shi. Roda tana wani gari ne mai suna Kerkrade a kan iyakar Holan da Jamus, tsohon garin masu haƙar kwal. Ba su jefa shi cikin manya kai tsaye ba, sai suka ba da aronsa ga VVV ta garin Venlo, inda ya koyi sanyin ƙasar da harshenta da tsarin wasanta, har ya taimaka musu suka hau babban rukuni a 1993. Daga nan ya koma Roda ya yi shekara uku yana wahalar da 'yan baya. Gajere ne, ba shi da jiki, amma Allah Ya hore masa gudu, idan ya kama gefen dama ya sa ƙwallo a gaba to sai dai mai tsaronsa ya bi shi da kallo.

Da Finidi ya koma Real Betis ta Sifaniya a 1996, sai Ajax ta sayo Babangida ya maye gurbinsa, yana ɗauke da zinarensa na Atlanta. A kakarsa ta farko ya zura ƙwallo a ragar Atletico Madrid a ƙarin lokaci, a wasan da ya kai Ajax zagayen kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai. Kaka ta biyu, wato 1997 zuwa 1998, ita ce ganiyarsa. Ajax ta haɗa kofin lig da kofin ƙalubale na ƙasar, shi kuwa ya ci ƙwallo 13 a lig, alhali ɗan gefe ne. Daga nan aka wuce gasar kofin duniya a Faransa, inda ranar 28 ga Yuni, 1998 Denmak ta yi mana ci 4 da 1, daren da masu shekaru irin nawa ba su manta ba har yau. Ƙwallo ɗayar da muka samu ta share hawaye, Babangida ne ya ci ta.

Wata guda da kwana ɗaya bayan wannan wasa, ranar 29 ga Yuli, 1998, aka yi haihuwa a birnin Zwolle da ke gabashin Holan. Uban jaririn, Martin Reijnders, shi ma ɗan ƙwallo ne, ɗan gaba, wanda ya buga wa kulob ɗin garin. Uwar kuwa asalin iyayenta mutanen tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, wadda Holan ta yi wa mulkin mallaka. Iyayen suna ganin ɗan wasan Ajax ɗin nan a talabijin, wasansa ya burge su, sunansa ya yi musu daɗi a baki, sai suka raɗa wa ɗansu. Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne, a al'adarmu shi kansa "Babangida" laƙabi ne na yaron da ya ci sunan kakansa, wato sunan takwara. Ga shi kuma mai laƙabin takwara ya samu nasa takwaran a ƙasar da babu danginsa ko ɗaya. Hausawa dai sun ce suna linzami.

To sai dai wanda ya ɗauka cewa daga suna sai ɗaukaka, bai san labarin yaron ba. Tijjani ƙarami ya fara buga ƙwallo a ƙaramin kulob na unguwa a Zwolle, ya shiga makarantar yara ta PEC Zwolle, ya yi shekaru a ta FC Twente, sannan ya dawo gida har ya sake bugawa a kulob na 'yan sa-kai mai suna CSV '28. A lokacin da sa'o'insa irin su Kylian Mbappe, wanda su biyun haihuwar 1998 ne, suke cika jaridun duniya, shi yana aiki a wani babban kanti yana jera kaya domin samun na kashewa, ya tashi ya tafi atisaye. Sai a watan Agusta na 2017, yana ɗan shekara 19, ya buga wasansa na farko a babban rukuni da rigar PEC Zwolle. Wasa ɗaya tak ya buga musu, AZ ta garin Alkmaar ta ɗauke shi.

A can ma ba a shimfiɗa masa tabarma ba. AZ ta tura shi ƙungiyarta ta matasa, wadda take fafatawa a rukuni na biyu na ƙasar, yana karawa da ƙarti masu iyali. A farkon 2020 aka ba da aronsa ga RKC Waalwijk, kulob ɗin da yake can ƙasan teburi, bai yi nisa ba annobar korona ta tsayar da wasanni. Ya dawo AZ ya ci gaba da zaman benci, ana sako shi a ƙarshen wasa, saboda akwai manya a gabansa. Teun Koopmeiners ya tafi Atalanta a 2021, Fredrik Midtsjo ya tafi Galatasaray a 2022, sannan fa gurbi ya buɗe. A lokacin Tijjani yana da shekara 24. Ka riƙe wannan adadi, mai karatu, domin za mu dawo kansa.

Kakar 2022 zuwa 2023 ita ce ta fito da shi. Koci Pascal Jansen ya damƙa masa tsakiyar fili, ya buga kusan kowane wasa, AZ ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a gasar Conference League ta Turai kafin West Ham ta fitar da ita. Aikin ɗan tsakiya kamar na dillali ne a kasuwa, shi ne tsakanin masu tsaro da masu ci, idan ya yi nawa ciniki ya lalace. Abin da aka gani a wurin Tijjani shi ne yakan karɓi ƙwallo ya riga ya juya rabin jikinsa gaba, ya ja ta da kansa ya ratsa mutane, ya miƙa ta, sannan ya biyo baya a ɓoye ya faɗo cikin da'irar gola a lokacin da 'yan baya suka shagala da 'yan gaba. Ga shi ba ya gajiya, ba ya yawan jin rauni.

A watan Yuli na 2023 AC Milan, wadda ta sayar da Sandro Tonali ga Newcastle, ta saye shi a kan kuɗi kimanin yuro miliyan 20. Milan gida ne da 'yan Holan suka bar tarihi, tun daga Gullit da Van Basten da Rijkaard har zuwa Seedorf, saboda haka rigar tana da nauyi. A watan Satumba na wannan shekarar, yana ɗan shekara 25, ya fara buga wa ƙasarsa a wasan da suka ci Girka 3 da nema. Da aka zo gasar kofin Turai ta 2024 a Jamus, rauni ya hana Frenkie de Jong da Koopmeiners zuwa, koci Ronald Koeman ya jingina da shi, Holan ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Ingila ta cire ta da ci 2 da 1. A kaka ta biyu a Milan kulob ɗin ya sha wahala har ya ƙare a na 8 a lig, amma shi ya ci ƙwallo 15 a dukkan gasa, ciki har da wadda ya zura wa Real Madrid a gidanta a watan Nuwamba na 2024, ranar da suka ci ta 3 da 1. Ya ɗaga kofin Supercoppa a birnin Riyad a Janairun 2025, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan tsakiya na gasar Italiya. A watan Yuni na 2025, shekarar da Kevin De Bruyne ya bar Manchester City, Pep Guardiola ya ɗauko shi a kan kimanin yuro miliyan 55, kuma a wasansa na farko a gasar Firimiya, da Wolves, ya ci ɗaya ya ba da ɗaya aka ci. Ƙaninsa Eliano kuwa ya zaɓi ƙasar kakanninsa, ya fara buga wa Indunusiya a 2024.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwayi sauran 'yan Arewa da suka bi hanyar Holan, domin Babangida ba shi kaɗai ba ne. Garba Lawal, ɗan Kaduna, ɗan tsakiya mai aiki ba surutu, ya buga wa Roda JC daga 1996 zuwa 2002, kuma shi ne ya bugo ƙwallon da ta kuɓuce wa gola Zubizarreta ranar da muka ci Sifaniya 3 da 2 a 1998. Ibrahim Babangida, ƙanin Tijjani, yana cikin yaran da suka ciyo kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, ya buga wa Katsina United, sannan ya tafi Volendam. Sani Kaita ya tashi daga Kano Pillars ya koma Sparta ta Rotterdam bayan gasar matasa ta duniya da aka yi a Holan a 2005. Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya tafi VVV ta Venlo a 2010, wato kulob ɗin da ya reni Babangida, har sai da ya jira ya cika shekara 18 kafin dokar FIFA ta bari ya buga, daga can ya wuce CSKA ta Mosko a 2012. Ka lura, babu ɗayansu da ya dira a babban kulob daga gida. Dukkansu ƙananan kulob ne suka karɓe su, suka koya musu, suka ba su fili.

Nan ne sirrin ƙasar yake. Holan mutanenta kimanin miliyan 18 ne kawai, amma ta buga wasan ƙarshe na kofin duniya sau uku, a 1974 da 1978 da 2010, ta ci kofin Turai a 1988. Hukumar ƙwallonta tun 1889 take, tana da mambobi sama da miliyan guda, akasarinsu a ƙananan kulob na unguwanni da ƙauyuka. Kowane yaro yana da rajista, an san ranar haihuwarsa, an san kulob ɗin da ya fara, kuma kowane rukuni na shekaru yana da gasarsa da ake bugawa mako-mako. Wanda bai samu shiga a wannan mataki ba, akwai na ƙasa da shi da zai riƙe shi har ya nuna. Shi ya sa yaron da yake jera kaya a kanti yana ɗan shekara 18 bai ɓace ba.

Yanzu mu dawo kan shekara 24 ɗin nan. A wurinmu saurayin da ya kai haka bai samu kulob ba, an gama da shi. Gida za a ce ya nemi sana'a ya yi aure, kuma ba laifin gida ba ne, domin babu matakin da zai tsaya a kai yana wasa yana cin abinci. Dillalan 'yan wasa kuwa ɗan shekara 17 suke nema, shi ya sa rage shekaru ya zama ruwan dare. Mun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai mu, amma aka yi gasar manya ta Ƙatar a 2022 muna gida muna kallo. Baiwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Ka je filin kowace firamare a Kankia ko Kusada da la'asar sakaliya, za ka ga yara babu takalmi suna abin mamaki da ƙwallo. Tambayar ita ce, daga wannan fili sai ina? Ana shirya gasar unguwa-unguwa lokacin hutu ko lokacin siyasa, a raba riguna, a ɗaga kofi, a watse, babu wanda ya rubuta sunan yaro ɗaya.

Kuma ba a ce jiharmu ba ta taɓa ɗanɗana abin ba. Katsina United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Nijeriya sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, ko da yake ba ta samu ɗaukar kofin ba. Muna da babban filin wasa a Katsina mai ɗauke da sunan Sarki Muhammadu Dikko, sarkin da aka sani da son wasanni. Abin da ya rage shi ne matakalar da za ta haɗa filin firamare da wannan babban fili.

Ga wani abu da masu riƙe da ƙananan kulob ɗinmu ya kamata su sani. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Yi lissafi da kanka, kashi 5 na yuro miliyan 55 ya kai miliyan 2 da dubu 750, rabon waɗanda suka yi wahalar Tijjani tun ba a san shi ba. Sharaɗin kawai shi ne kulob ya kasance mai rajista da hukumar ƙwallo, yaron kuma sunansa da shekarunsa na gaskiya suna rubuce. Kocin unguwa da yake sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, idan bai yi rajista ba, ran da yaronsa ya yi daraja sai dai ya gan shi a talabijin. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da 'yan kasuwar gari da tsofaffin 'yan wasa ba: rajistar kulob, littafin sunayen yara, da gasa mai ɗorewa tsakanin Kankia da Kusada da Ingawa da maƙwabtansu, wadda ba ta jiran shekarar zaɓe.

Shi kuwa mai sunan na asali, bayan Faransa ya sake faranta wa Nijeriya rai a gasar kofin Afirka ta 2000, ƙarƙashin Bonfrere, inda ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu shi kaɗai a Legas, ta farko tun ba a cika minti guda ba, ko da yake Kamaru ta ƙwace kofin a bugun fenariti. Daga baya Ajax ta yi ta ba da aronsa, ya buga a Turkiyya da Saudiyya, ya ƙarasa a ƙasar Sin, ya dawo gida har ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasan ƙwallon Nijeriya. A watan Mayu na 2024 ya yi mummunan haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya ji rauni, ƙaninsa Ibrahim ya rasu. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Babangida bai san iyayen yaron nan ba a ranar da suka raɗa suna, aikinsa kawai ya yi da kyau a gaban jama'a, aikin ya shiga wani gida a Zwolle. Mutanen Holan kuma suka ɗauki takwaransa suka yi haƙuri da shi shekara da shekaru har ya nuna. Sunan namu ne, renon nasu ne. Akwai Tijjani da yawa a filayenmu da suke jiran irin wannan reno, kuma sannu ba ta hana zuwa, muddin akwai hanyar da za a bi. Allah Ya ba mu masu shimfiɗa ta.